Rawaya a Kan Baƙi

Litinin, 8 ga wata, da hantsi

Sun ce in huta. Oga ne ya faɗa, da muryar nan da yake yi wa baƙi: "Ki je gida ki huta zuwa ƙarshen wata, sai mu ga abin da ya dace." Na san abin da ya dace ɗin. Akwai wani tebur a bakin ƙofa, kusa da injin ruwan sha, da waya biyu a kansa. Duk wanda kwamfutarsa ta ƙi tashi nan yake kira, a ce masa ya kashe ya kunna. Can suke so su dasa ni, ni da na kafa rabin manyan kwamfutocin ɗakin sanyi da hannuna.

Na ce masa ƙarshen wata zan dawo in zauna a kujerata, in yi aikin a gabansa. In na kasa, ya miƙo mini wayar. Ya ce to, irin "to" ɗin da ake ce wa marar lafiya.

Wannan rubutun ba allo nake kallo ina yinsa ba. Yatsuna sun san hanya. In akwai kuskure a ciki, oho.

Litinin, 8 ga wata, da yamma

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Alhamis ɗin can ba. Layi ɗaya ne, da jan rubutu, a kan baƙin allo. Kowa a ofis ya san sauran.

Talata, 9 ga wata, da safe

Duk aikina a taga ɗaya nake yinsa, baƙar tagar nan da muke kira taminal. Ka rubuta wa na'ura umarni, ta ba ka amsa da rubutu, babu hoto babu kwalliya. Shekara da shekaru muna tare da ita ba ta taɓa ɓata mini rai ba, sai bana. Haruffan sirara ne, launin toka. Gargaɗi kuma ja ne mai duhu. Ina so in haɗu da mutumin da ya fara yanke shawarar cewa abin da ya fi komai muhimmanci shi za a rubuta da launin da ya fi kowane ɓuya. Ina da magana da shi.

Girman harafi ba shi ne damuwa ba, maɓalli biyu ake dannawa ya ƙaru. Launi ne. Taminal ɗin ofis ba ya barin in taɓa duk abin da nake so, don haka zan gina nawa. Akwai wani ɗan ƙaramin taminal da masu shi suka saki asalin rubutunsa kyauta. Ba shi da wurin saiti ko ɗaya. In kana son sauya launi, sai ka buɗe rubutun da kanka, ka sauya lamba, ka sa na'ura ta sake gina manhajar tun daga tushe. Yadi suke ba ka, ɗinki naka ne.

Ina son rubutu rawaya a kan baƙi. Ina son gargaɗi ya fito ya tsaya a gabana. Ina son 'yar alamar nan mai ƙiftawa, wadda ke nuna inda za a rubuta, ta yi kauri yadda ba za ta ƙara ɓace mini ba. Iyakar abin da nake nema ke nan, ban roƙi kowa komai ba.

Laraba, 10 ga wata, da yamma

Na sauko da rubutun, na buga umarnin gini. Na'ura ta zubo mini ƙorafi har ya cika allo. Na ɗauko gilashin ƙara girma da Maigida ya sayo ya ajiye a kan tebur, wai haka kawai ya ci karo da shi a kanti. Na bi layi-layi da hancina a jikin allo. Wai ba ta ga kayan da ake zana haruffa da su ba. Na nemo na ba ta. Ta ce to, saura na zana taga. Na ba ta. Ta ce wannan tsoho ne.

Mun wuni a haka, ina ba ta tana raina. Da can irin wannan aikin kafin shayi ya huce na gama. Yau kaina kamar ana sara.

Maigida ya dawo daga makaranta da takardun ɗalibansa a hammata, ya tsaya a bakin ƙofa yana leƙe. "Injiniya, lokacin ɗiga maganin ido ya yi."

Na ce ya bari in gama layin nan. Ya tsaya da kwalbar a hannu yana jira. Wannan sabon haƙurin nasa ne ke ƙona mini rai. Mutumin da muke musu a kan wa ya bar fitila a kunne, yanzu ko na taka shi sai ya ce sannu.

Alhamis, 11 ga wata, da safe

Ranar Alhamis ce. Ban kunna komai ba.

Juma'a, 12 ga wata, bayan mun dawo daga asibiti

Likita ta haska, ta auna, ta sa na karanta allonta. Na karanta abin da na karanta. Ta juya kujera tana yi wa Maigida bayani kamar ni yarinya ce da aka kawo rigakafi. Na ce, "Likita, ga ni nan, ni ce mai idanun."

Ta ba ni haƙuri, ta juyo. Ta ce ba ta san saurin abin ba, wani yakan tsaya shekaru wuri ɗaya, wani ba ya jira. Ta ce alamar da zan lura da ita launi ce. In ya fara tafiya, ba a manyan abubuwa zan gani ba, a ƙanana ne, sirara, irin rubutu. Sai su riƙa komawa toka-toka. In na ga haka in dawo da wuri.

A mota na kafa doka. Ba a ƙara yi mini wannan zancen a gida. Ba a tambaya ta me nake gani, ba a gaya mini me ban gani ba. Maigida ya ce, "Yadda kike so." Na so ya yi musu ko kaɗan ne.

Asabar, 13 ga wata, da la'asar

Ya ginu.

Ban sauya komai ba tukuna. Haka ake yi, ka fara gina shi yadda masu shi suka bar shi, ka tabbata yana tashi, sannan ka sa hannu. Na buga umarnin, rubutu ya gangara, ya tsaya, babu ƙorafi ko ɗaya. Na kira shi, baƙar taga ta buɗe, nawa na kaina. Na rubuta masa gaisuwa ya maimaita mini.

Na tashi na yi 'yar rawa a tsakar ɗaki, na buge gwiwa da kujera. Maigida ya shigo a guje da ludayi a hannu. Na ce masa ya koma, ba faɗuwa na yi ba, nasara na yi. Ya yi dariya, dariyarsa ta da. Mun ci shinkafar da ya ƙona.

Su ajiye wayarsu.

Litinin, 15 ga wata, da hantsi

Na buɗe fayil ɗin da launuka suke, na nemo lambar toka, na share na sa ta rawaya. Lambar rawaya na san ta kamar lambar wayata. Na goge ginin shekaranjiya, na sake ginawa, ba ƙorafi. Na buɗe.

Toka.

Wataƙila hasken taga ne. Bari in ja labule.

Litinin, 15 ga wata, tsakar rana

Na ja labule.

Talata, 16 ga wata, da yamma

Na sake duba lambar da gilashi, harafi-harafi. Daidai take. Na ƙara mata haske har ƙarshe, rawayan da ya fi kowane rawaya tsawa. Na goge, na gina, na buɗe. Yanzu ba na ma sake rubuta umarnin, kibiyar sama nake dannawa ya dawo da na ɗazu, don in rage wa kaina karatu.

Na shiga banɗaki na tsaya a kan bokitin wanki. Rawaya ne, kuma rawaya na gan shi. Na ɗauko lemon zaƙi na juya shi a hannu, launinsa yana nan. Har na fara murna, sai na tuna ba a manyan abubuwa ta ce ba.

Ba komai. Allon kwamfutar nan ya tsufa, kowa ya sani.

Laraba, 17 ga wata, bayan cin abincin yamma

Ni na kafa dokar, don haka ba zan iya tambaya kai tsaye ba. Sai na bi ta bayan gida. Na kira shi kamar ina alfahari.

"Maigida, zo ka ga rawayan da na sa. Ya yi maka?"

Ya zo ya dafa bayan kujerata. Na ji numfashinsa a kaina. Ya ƙura wa allon ido.

"Ya yi kyau, Injiniya."

"Bai yi tsawa da yawa ba?"

"A'a. Daidai ne."

Ya shafa kafaɗata ya fita. Na ji ya shiga banɗaki ya buɗe famfo, ya bar shi yana zuba, mutumin da yake mini wa'azi a kan ɗigon ruwa.

To. Rawaya ne ke nan. Yana nan a gabana, yana tsawa, ni ce ba na jin sa.

Alhamis, 18 ga wata, tsakar rana

Dogo ya kira. Abokin aikina ne, ni na koya masa yadda ake shiga ɗakin sanyi ba tare da an taka waya ba. Wai yana gaishe ni ne. Bayan gaisuwa ta yi tsawo sai ya ce, "Anti, Oga ya ce in ɗan riƙa zama a teburinki, don allonki ya fi girma. Na wucin gadi ne."

Na ce ya zauna mana, kujera ai ba ta cizo. Amma kada ya taɓa tsayinta, na sha wahala kafin na daidaita ta.

Ya ce, "Ya jikin?"

Na ce jikina lafiya lau, ƙafa biyu hannu biyu. Yaron kirki ne a zuci, ba laifinsa ba ne, amma yau ba ni da kirkin da zan raba wa kowa. Da ya ajiye na jefa wayar kan gado, ta zame ta faɗa bayansa. Tana can, ta kwana lafiya.

Juma'a, 19 ga wata, da safe

Likita ta ce in na ga haka in dawo da wuri. Ban ga komai ba.

Lahadi, 21 ga wata, da la'asar

Na gwada kore. Na gwada shuɗi mai haske. Na gwada wani launi tsakanin ja da rawaya da ko mahaukaci ba zai sa a allonsa ba. Kowanne na goge, na gina, na buɗe. Kowanne ta karɓa ba musu, ta ce an gama. Na mayar da lambar rawaya na rufe.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na'urar ba ta da laifi. Da ta yi ƙorafi da na san da wa nake faɗa. Na iya faɗa da na'ura, aikina ke nan. Wannan kuwa ina zan kama shi in shaƙe?

Maigida ya shiga wani sabon hali. Ya kwashe ƙananan tebura daga hanya, ya naɗe dardumar falo wai za a wanke. Kofina kullum a wuri ɗaya nake samunsa, hannunsa yana kallon dama. Yana zaton ban lura ba. Na lura sarai, kuma ina jin tsoro. Na rubuta, ga shi nan, ba wanda zai karanta. Ina jin tsoro.

Talata, 23 ga wata, da hantsi

Na ce bari in gwada kaina da gaskiya. Na shirya ɗan aiki irin na ofis, wanda na san zai fito da gargaɗi a tsakiya. Na riga na sauya lambar ja zuwa shuɗi mai haske tun shekaranjiya. Na zauna daidai, na buɗe ido, na sake shi.

Rubutu ya gangara. Na jira gargaɗin. Aikin ya ƙare.

Na koma baya da gilashi, na same shi a tsakiya, wani duhu-duhu kamar tabon maiƙo. Ni na dasa shi, na san yana zuwa, kuma ya wuce ta gabana ban gan shi ba.

In wannan a ofis ne, a kan na'urar gaske, da bayanan mutane a ciki?

Laraba, 24 ga wata, da safe

Na ciro wayar daga bayan gado na kira Oga. Ban bari ya gama gaisuwa ba. Na ce na haƙura, ya ba Dogo kujerar, ranar ɗaya ga wata zan zo in zauna a bakin ƙofa.

Ya sauke numfashi har na ji. Ya ce wannan shawara ce ta manya, ya ce teburin waya ma aiki ne mai muhimmanci, ana bukatar mai ƙwarewa. Na ce, "Ranka ya daɗe, kada ka shafa mini mai." Na kashe.

Ba don su na yi ba. Ba wanda ya kore ni, ni na sauka da ƙafata, a rubuta haka. Ba zan ƙara zama sanadin wata Alhamis ba.

Ban gaya wa Maigida ba.

Alhamis, 25 ga wata, da la'asar

Dole in rubuta wannan yanzu.

Yaya ta zo ba sanarwa. Babbar yayata, wadda ta goye ni, wadda doka ba ta taɓa hawa kanta ba. Tun daga ƙofa take faɗa: ta kira ba a ɗauka, ta aiko saƙo ba amsa, ko mutuwa na yi a gaya mata ta san inda za ta zauna. Ta shigo ɗaki ta yaye labule, ta same ni zaune gaban kwamfuta. Na buɗe taminal ɗin ne kawai ina kallo, ban san me nake jira ba.

Ta ce, "Wai wannan ce abar da ta hana ki ɗaga waya? Auta, ke ko ɗan launi ba za ki sa ba, sai wannan toka-tokar kamar tsohuwar talabijin?"

Na ce, "Rawaya ne, Yaya."

"Rawayan gidan wa?"

"Rubutun. Rawaya ne."

Ta sunkuyo, ta ɗaga tabaraunta, ta mayar. "Ke, ni za ki koya wa launi? Wannan toka ce. Tokar ma ta jiya."

Na ce ta rantse. Ta ce a kan me za ta rantse, a kan rubutun kwamfuta? Na kama hannunta na ce ta sake dubawa da kyau, layin sama, layin ƙasa, ko'ina. Ta ga fuskata, ta daina wasa. Ta ce a hankali, "Auta, wallahi toka ce. Babu rawaya ko ɗigo."

Na ture ta gefe. Na sa na'ura ta jero mini duk fayilolin da ke cikin jakar, abin da ban ƙara yi ba tun ranar da na sauko da su. Na bi da gilashi. Fayil ɗin launuka ba ɗaya ba ne, biyu ne.

Ga yadda abin yake. Masu shi suna ba ka na samfuri, mai launukansu. Ranar da ka fara gini, na'ura tana kwafarsa ta ajiye na biyu a gefe, naka, wanda za ka riƙa gyarawa. Daga ranar ba ta ƙara waiwayar samfurin, ko ka goge gini sau nawa. Ni kuma tun ran Litinin ɗin can samfurin nake ta gyara. Rawaya, kore, shuɗi, duk na zuba su inda ba mai dubawa. Ita kuwa tana gina mini toka, tana cewa an gama, kuma gaskiyarta ce.

Da allon Dogo ne, daga tsaye zan gano. Na sha kama wasu da wannan kuskuren ina musu dariya. Amma ni an riga an gaya mini abin da zan gani, da na gan shi ban tambayi kowa ba.

Na share na biyun. Na gina. Na buɗe.

Wayyo Allah, rawaya. Har sai da na kau da kai. Yaya ta ce, "To, yanzu kam ya yi yawa, kamar motar haya." Na kifa kai a kan tebur na yi kukan da ban yi ba tun farkon abin nan, tana bubbuga bayana tana cewa ita fa ba ta gane ba, launin ne ba na so?

Alhamis, 25 ga wata, da yamma

Maigida ya shigo, takardu a hammata. Ban bar shi ya ajiye ba. Na nuna allo na ce, "Wane launi ne wannan?"

Ya kalli allo, ya kalle ni, ya kalli Yaya. "Rawaya."

"Na Larabar makon jiya fa?"

Ya zauna a bakin gado, takardun suka zube. Ya ce, "Toka."

"Ka ce mini ya yi kyau."

"Kin kira ni kina murna, kin ce in zo in ga rawaya. Na duba na ga toka. Na ce a raina shi ke nan, abin ya kai inda take ganin abin da babu. Kin hana a yi maganar. Me kike so in ce?"

"Ni ma toka nake gani. Kai na tambaya don in sani."

"Ba ki tambaya ba, Injiniya. Gaya mini kika yi."

Ya ce tun ranar bai yi barcin kirki ba, har ya je wurin likita shi kaɗai ya tambaya ko haka ciwon yake yi. Ni ina nan ina binne idona, shi yana can yana binne hankalina, a gado ɗaya muke kwana.

Yaya ta ce, "Ku biyun nan Allah ne ya haɗa ku, ba wanda zai iya da ku." Ta tafi kicin tana mita.

Na soke dokar. Na kafa sabuwa: in na tambaye shi me ya gani, ya faɗi abin da ya gani, ko zai sa ni kuka. Ya ce shi ma yana da tasa, in zan yi tambaya in yi ta kamar tambaya. Na ce ya dawo mini da dardumata. Ya ce gobe. Na ce yau. Muka yi musu sosai, na ji daɗinsa.

Daga baya na gaya masa na kira Oga jiya. Ya riƙe kai.

Juma'a, 26 ga wata, da hantsi

Na yi abin da nake gudu. Na rufe idon hagu da tafin hannu, na kalli allo da na dama: rawaya, tas. Na rufe na dama.

Toka. Wannan karon ba fayil ba ne.

Na kira Maigida a makaranta na gaya masa yadda yake, ba kwana-kwana. Za mu koma asibiti mako mai zuwa. Na zauna kaɗan, na sha ruwa, na koma aiki. Ɗaya ya rage mini, kuma ɗayan nan yana karatu.

Asabar, 27 ga wata, da yamma

Na gama. Alamar ƙiftawa ta zama katuwa, ba ta da wurin ɓuya. Gargaɗi na fasa ba shi launi ma gaba ɗaya, tunda launi ba abin dogaro ba ne a wurina. Na shiga cikin rubutun sosai na sa duk layin da ya zo da ja ya juye, ya zama farin zane daga wannan gefe zuwa wancan da baƙin rubutu a kai, kuma na'ura ta yi ƙara. Na sake gwajin ran Talata. Ya daka mini tsawa har Maigida ya amsa daga falo.

Ya ce in kira Oga in shaida masa. Na ce a'a. A waya ana iya ce wa mutum "za mu duba".

Litinin, 29 ga wata, bayan na dawo

Na shiga da safe, na wuce teburin bakin ƙofa. Har sun goge shi, sun sa sabuwar kujera. Dogo yana zaune a wurina da kofin shayinsa. Da ya gan ni ya miƙe rabi, ya rasa ko ya ƙarasa.

"Anti, ai ran ɗaya ga wata aka ce."

"Tashi, Dogo."

Ya tashi. Ya taɓa tsayin kujerar, na sani tun kafin in gama zama. Oga ya fito daga ofishinsa, waɗanda ke kusa duk suka yi kamar suna aiki.

Ya ce, "Kin ce kin haƙura."

"Na fasa. Wata bai ƙare ba, ranka ya daɗe. Kai ka ce to."

Ya ce mu shiga ciki mu yi magana. Na ce a nan abin ya faru, a nan za a yi. Na ce a ba ni aikin ranar Alhamis ɗin can, shi ɗin dai, a kan na'urar gwaji, kuma Dogo ya ɓata duk abin da ya ga dama a ciki kada ya gaya mini. Oga ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗaga wa Dogo kai.

Kafin Dogo ya gama shirinsa na jona wa kwamfuta filas ɗin da na kwafo rubutun a ciki, na gina taminal ɗina a gabansu. Da ya buɗe wani daga baya ya ce, "Kai, wannan ai sai ya makantar da mutum." Na ce, "Kada ka damu, an riga shi." Dogo ne ya fara dariya, sannan sauran.

Na fara aikin. Hancina kusa da allo, eh, kowa ya gani, ban ɓoye ba. Ban yi saurin da nake yi da ba. A tsakiya na'ura ta yi ƙara, farin layi ya ratsa allon. Na ɗauke hannu daga madannai, na karanta shi da ƙarfi kalma-kalma yadda na bakin ƙofa ma zai ji. Na'urar ta tambaya ko ta ci gaba. Na ce mata a'a. Na nemo abin da Dogo ya ɓata, na gyara, na sake. Ashe biyu ya dasa, munafuki. Na biyun ma ya yi ƙara, shi ma na kama shi.

Da aka gama Oga ya ja kujera ya zauna kusa da ni. Ya rage murya, amma ba muryar baƙi ba, tasa ta kullum.

"Tsakani da Allah, har yaushe zai kai?"

Na ce, "Ban sani ba. Likita ma ba ta sani ba. Na hagu ya riga ya fara tafiya, na dama yana nan. Ranar da ya daina karanta wannan layin, ni zan fara zuwa in gaya maka, ba sai an yi wata Alhamis ba. Amma ba yau ba ne."

Ya ce duk ƙarshen wata za a riƙa gwada ni, kuma manyan ayyuka sai da mutum na biyu a gefena. Na ce ya gwada ni kullum in yana so. Mutum na biyu kuwa, da ma haka ya kamata a yi wa kowa tun farko, har masu ido biyu. Ya miƙe, ya ce wa Dogo ya kwashe kayansa.

Dogo ya zo ɗaukar kofinsa, ya sunkuyo ya ce, "Anti, za ki gina mini irinsa? Ni ma jan nan ba na ganinsa sosai." Na ce ya fara mayar mini da kujerata yadda ya same ta.

Talata, 30 ga wata, da sassafe

Maigida yana ta danna ham a waje. Zan makara aiki.